Takalmin da Ya Ci Ta Ciki

Shekara biyu cur ke nan da Baba ya ƙi Malamin Tuƙi, mai neman auren 'yarsa Auta, kuma har yau bai taɓa yi masa tambaya ko ɗaya ba. Bai tambayi asalinsa ba, bai tambayi halinsa ba.

Ranar da saurayin ya fara zuwa gaisuwa, ya tuɓe takalminsa a ƙofar falo, ya shiga ya durƙusa. Baba ya amsa da fara'a, ya ce yana zuwa, ya fita kamar mai zagayawa. A bakin ƙofa ya ɗaga takalmin ya juya tafinsa sama. Ko minti ɗaya bai cika ba ya dawo fuska a murtuke, ya ce a gaida mutanen gida.

Auta tana laɓe a bayan labule da tiren shayi a hannu. Ba ta bukaci a gaya mata komai ba. Ta juya da tiren kicin, ta zauna ta shanye kofi biyun ita kaɗai tana hawaye.

Baba mai gyaran takalmi ne, shekara arba'in da ɗaya yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke jikin gidansa, mai ƙofa ɗaya ta titi da taga ɗaya ta tsakar gida. A wannan shago ya haɗa wani ilimi nasa na kansa wanda ba ya karɓar gyara. Baki yana ƙarya, in ji shi, fuska ma tana ƙarya, amma dunduniyar takalmi ba ta iya ba. Wanda tasa ta ci ta waje, mai sakin hannu ne, sai dai surutu. Wanda tasa ta ci daidai, ba shi ajiyar ranka ka yi barci. Wanda kuwa tasa ta ci ta ciki, wannan maci amana ne, ko ba daɗe ko ba jima zai zame ya bar mace da kuka.

Ba a sama ya tsinci maganar ba. Lokacin da Baba yake saurayi, mijin yayarsa, wadda yaran gidan ke kira Gwaggo, ya fita sayen sabulu bai dawo ba har yau. Abin da ya bari a ƙofar ɗaki takalmi ne ƙafa biyu, duk sun ci ta ciki. Baba ya yini yana kallonsu yayarsa tana kuka a ɗaki, daga ranar ya gama karatunsa.

Abin takaicin shi ne Auta ta fi kowa yarda da wannan ilimi. A shagon ta yi rarrafe, ƙamshin fata da gam ta shaƙa ta girma. Yanzu shekararta ashirin da bakwai, malama ce a firamare, amma idan uban ɗalibi ya zo makaranta ƙafarsa take fara kallo kafin fuskarsa. Samari uku ta sallama da kanta tun daga bakin ƙofa, Baba ma bai san sun zo ba.

Sai Allah ya kai ta koyon mota. Wata guda tana zaune kusa da wani mutum mai sanyin murya wanda ko ta nufi kwata da mota ba ya ce mata komai sai "a hankali, ɗalibata, titin ba zai gudu ba." Wata guda cur tana hana idonta sauka ƙasa, don zuciyarta ta riga ta raya mata abin da za ta gani. Ranar da ta duba kuwa, aikin gama ya gama. Takalmin ya ci ta ciki, ita kuma son ya ci ta gaba ɗaya.

Tun daga lokacin abu biyu suka tare a kanta suka ƙi zaman lafiya. Na farko, Baba ba ya kuskure. Na biyu, wannan bawan Allah ba zai taɓa cin amanarta ba. Kowanne ta yarda da shi har zuci, kuma ta san ba za su yiwu tare ba.

Ta yi ta yi musu sulhu. Ta ce ai birki ne, mai taka birki yini guda dole dunduniyarsa ta karkace. Da ta tuna ƙafar hagu ma ta ci, ta ce wannan kuma kuloci ne. Da ta ga takalminsa na zuwa biki, wanda bai taɓa shiga mota da shi ba, shi ma ya ci ta ciki, sai ta yanke cewa layinsu ne yake da gangare. Idan ya makara minti biyar gabanta ya faɗi, ta ce ga shi ya fara. Idan ya zo da wuri ta ce akwai abin da yake rufewa. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, kullum ana yi masa shari'a ana sallamarsa a cikin kai ɗaya.

Baba bai yi mata dole ba, ba halinsa ba ne. Abin da ya ce kawai, ta auri wanda take so, amma shi da bakinsa ba zai sa wa mai cin ciki albarka ba. Ita kuwa Auta gara ta tsufa a ɗakin Umma da ta fita gidan nan ba albarkar Baba.

A haka aka kai shekara biyu. Lasin ɗinta ya daɗe da fitowa, amma duk Laraba da yamma sai ta tafi darasi. Umma ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai koyon ribas shekara biyu ba, ko jaki ne ya isa ya iya.

A wata Larabar ce ya sa ta faka a gefen filin da suke koyo, ya kashe motar da kansa, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce makarantarsu ta buɗe reshe a wani gari mai nisa, tafiyar yini guda, an ce ya je ya riƙe. Ranar Asabar ake son amsarsa. Mahaifiyarsa ta ce ya karɓa, ta gaji da ganin ɗanta yana bushewa a ƙofar gidan da ba a ko duba fuskarsa.

"Idan akwai alamar Baba zai sauko, zan ce musu su ba wani," ya ce. "Idan babu, ɗalibata, ki yafe mini. Ba gudu zan yi ba. Amma ba zan ci gaba da tsare miki hanya ba."

Kalmar gudu ce ta tsaya mata a rai. Wata zuciya ta ce mata kin gani ko, Baba ya faɗa. Wata ta ce ke dai ba ki da kunya, shekara biyu yana jira. Ta fashe da kuka ta kifa kai a sitiyari, hon ya ɗauka, awakin da ke kiwo a filin suka watse. Ya ɗaga mata kai a hankali ya ce ta yi kukan a ɗan gefe.

Da ta samu numfashi ta jawo wani kwali daga kujerar baya. Wata uku tana yawo da shi ta kasa ba shi. Sabon takalmi ne baƙi, dunduniya a miƙe.

"Ka sa wannan ka dawo gaisuwa," ta ce tana jan hanci. "Ka ɗan taka shi kwana biyu a kan siminti don kada ya gane sabo ne. Shi ke nan, Malam. Kowa ya huta."

Ya karɓi takalmin ya juya shi, ya yaba ɗinkin, ya mayar cikin kwalin ya rufe.

"Baba ya ce mai irin ƙafata mayaudari ne. Idan na sa wannan na je na yaudare shi, to ya yi gaskiya ke nan. Kin ga na ba shi hujja da hannuna."

"To ka fi son ka rasa ni?"

"Na fi son in same ki da ƙafata."

Ta ce masa shi dai bai san so ba, gaskiya kawai ya sani, gaskiyar da ba ta aurar da kowa. Ta ce ta tsane shi. Ta ce kada ya kuskura ya tafi. Duk ya amsa da to. Da ta tada motar don komawa sau huɗu tana mutuwa a hannunta, shi kuwa bai ce komai ba sai a hankali, ɗalibata.

A gida kuma wata sabuwa ta tarar. Gwaggo ta daɗe tana yi wa Auta tallan wani manajan kantin kujeru, mai tumbi da turare da agogo mai walƙiya, wanda unguwa ke kira Manaja ko a bayan idonsa. Makon da ya wuce ya zo gaisuwa, Baba ya yi zagayensa na bakin ƙofa ya dawo yana washe baki. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin dunduniya mai gaskiya irin wannan ba, ta ci daidai kamar an auna da ma'auni. Har rakiya ya yi masa zuwa mota.

Ranar Alhamis Manaja ya dawo, an yi ruwa, takalmin ya kwaso taɓo. Saboda ƙauna Baba ya bar shi a falo da Gwaggo, ya ɗauki takalmin da kansa zuwa shago, ya ce Auta ta biyo shi da ruwa a roba. Wai ta zo ta ga yadda ƙafar mutanen kirki take.

Ya goge taɓon yana yi mata bayani. Ya zura hannu ciki don ya riƙe da kyau, sai ya tsaya. Ya jawo wani abu daga can wajen yatsu. Takardar jarida ce, an dunƙule ta tam. Ya zura hannu a ɗaya ƙafar, ya jawo wata.

Baba ya ɗaga harshen takalmin ya duba ƙasansa. Duk takalmin da ya taɓa gyarawa yana yi masa ɗinki uku da jan zare a wurin, alamarsa ce, ko 'ya'yansa sun sani. Ga su nan, uku reras. Kuma Baba ba ya manta aikinsa. Takalmin wani tsohon likita ne mai shekara tamanin, kawun Manaja, wanda ya kawo shi gyara bara.

Wato Gwaggo ta tsegunta wa Manaja sirrin gidan, shi kuma ya je ya aro halin kawunsa, ya cika shi da jarida don kada ya fice masa a hanya. An ce zanen aro ba ya rufe katara, to takalmin aro ma haka.

Zuciyar Auta ta yi tsalle. Ta ce yau gani ya kori ji. Ta tsaya tana jiran Baba ya ce ya yi kuskure, ita ma ta huta da kokawar da ke kanta.

Baba ya daɗe yana kallon jaridar. Sannan ya sake dunƙule ta, ya mayar da ita inda take, ya gyara murya.

"Yaro mai hankali," ya ce. "Mutum ba ya aro sai abin da ya yi kama da halinsa. Duk takalman garin nan, wannan ya zaɓa."

"Baba, jarida ce fa a ciki."

"Mai son karatu ne."

Nan Auta ta ajiye robar ruwan, ta ba shi labarin kwalin da ta kai wa Malamin Tuƙi da yadda ya ƙi karɓa don kada ya yaudari Baba. Ta zaci wannan zai karya shi. Baba ya girgiza kai ya ce ai taurin kai ke nan, alama ta biyu ta masu cin ciki, ya ma manta bai gaya mata ba.

Amma da ya ɗauki basilla zai ci gaba da wani aiki, sai ya soke yatsansa. Auta ba ta taɓa ganin haka ba tun tasowarta. Ya sa yatsan a baki ya juya mata baya, abincin rana ma ranar ba a ci ba, haka aka dawo da kwanon a rufe.

Washegari da safe ba ta je makaranta ba, ta ce kanta ke ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Saura kwana ɗaya. Umma ta shigo ta same ta kwance ta rungume filo, ido ya kumbura. Umma mace ce mai ƙarancin magana, irin waɗanda ke jin komai su ce ba su ji ba. Ta tsaya tana kallonta, ta leƙa tsakar gida, ta rufe ƙofa, ta ce ta tashi ta ɗauko kujera ta hau, akwai wani buhu a saman kabad ɗin Baba, can baya.

Buhun ya yi nauyi. Da suka kwance bakinsa a tsakar ɗaki, sai ga tsofaffin robobin dunduniya sun zubo, ɗaruruwa, wasu har sun bushe sun tsage. Girmansu ɗaya. Auta ta ɗauki ɗaya, ta ɗauki wata, ta ɗauki ta uku. Idonta na 'yar mai sana'a ne, ba ta bukatar bayani. Duk sun ci ta ciki.

"Na wane ne?" ta tambaya, ko da yake ta sani.

"Duk Lahadi da safe da yake rufe shago ya ce yana wasa wuƙaƙe," in ji Umma, "wuƙa nawa gare shi?"

Ta ce satin bikinsu ya fara lura da nasa takalmin. Kwana uku bai ci abinci ba, ita tana amarya ta zaci girkinta ne. Tun daga nan duk mako yake cire dunduniyar ya sa sabuwa kafin wani ya gani, tsohuwar kuma ba ya iya zubarwa a shara don kada a tsinta. Bai san ta sani ba. Shekara talatin da huɗu.

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Idan ilimin Baba gaskiya ne, to Baba maci amana ne. Idan Baba ba maci amana ba ne, to iliminsa ƙarya ne. Wannan mutumin da bai taɓa kwana a waje ba, wanda aka ba aiki a kamfanin takalmi a wani gari ya ƙi don kada ya yi nisa da gida, wanda ko sabulu zai saya sai ya faɗi layin da zai bi da lokacin da zai dawo. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta rasa wanne take yi.

Ta tambayi Umma me ya hana ta gaya masa tun tuni cewa ta sani, ya huta.

"Namijin da ke tsoron kada ya gudu, ko ƙofar gida ba ya daɗewa," Umma ta ce. "Ni da hankalina in warkar da shi?"

Sannan ta daina murmushi. Ta ce da abin a kanta ya tsaya da ta bar kaza cikin gashinta har kabari, amma yanzu ya taɓa 'yarta. Ta ce Auta ta kai masa buhun. Sai dai ta ja mata kunne, kada ta je da niyyar kayar da shi. Mutum ya shekara arba'in a ɗaki ɗaya, ba a rushe masa shi a kansa, ƙofa ake nuna masa.

Auta ta sami Baba shi kaɗai a shago yana shafa gam. Ta tura ƙofar titi ta rufe, ta ajiye buhun a gabansa, ta durƙusa. Ya kalli buhun, ya kalli tagar tsakar gida. Gam ɗin ya ɗiga a wandonsa bai lura ba.

Da farko ya ce na kwastomomi ne. Ta ce duk girmansu ɗaya, Baba. Ya ce kwastoma ɗaya ne mai yawan zuwa. Ta zuba wa ƙafarsa ido. Ya janye ƙafar ƙarƙashin benci, ya ce to nasa daban ne, zaman sana'a ne, mai zama a kan benci yini guda dole ƙafarsa ta karkace.

"Ni ma haka na ce, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Na ce birki ne. Na ce kuloci ne. Har cewa na yi layinsu ne ke da gangare. Shekara biyu ina yi wa kaina wannan ƙaryar don kada in ce ka yi kuskure. Na gaji. Gobe zai tafi, kuma ba don ya ci amanata ba. Mu muka kore shi."

Baba ya ajiye gam ɗin. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma yau an kama hannunsa. Da ya buɗe baki muryarsa ta yi ƙasa, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

"Na ga kukan Gwaggonki, Auta. Wata shida tana ajiye masa abinci. Ranar da na juya takalmina na ga irin nasa, ga uwarki a ɗaki ko sati ba ta yi ba, ji na yi kamar in mutu. Na ce ashe ni ma haka nake. Kin ce ban san yaron nan ba. Na san shi. Na san abin da ke cikin irin wannan ƙafa, ni nake ɗauke da ita."

"Ka taɓa jin kana son ka tafi ka bar mu?"

"Ko sau ɗaya."

"To Baba..."

"Saboda ina gyarawa ne," ya katse ta da sauri. "Duk mako. Da na bari ta ci yadda take so, Allah kaɗai ya san inda nake yanzu."

Auta ta buɗe baki za ta ce masa roba ba ta riƙe mutum, halinsa ne ya riƙe shi, shekara talatin da huɗu yana tsoron wani mugu da babu shi. Maganar tana kan harshenta, kuma gaskiya ce. Sai ta ga hannunsa a kan gwiwa, da yatsan da ya soke jiya an naɗe shi da tsumma. Tausayinsa ya kama ta har ya fi haushin. Ta tuna maganar Umma, ta haɗiye tata.

Ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "To Baba, idan gyara ne ke riƙe mutum, duk garin nan wa ya fi ka iya gyara?"

Baba ya ɗago ya kalle ta. Ya kalli buhun. Ta ga maganar tana zagaya kansa tana neman wurin zama, ta ga lokacin da ta samu. Bai ce ta yi gaskiya ba, bai ce ya yi kuskure ba. Cewa ya yi ta tashi ta mayar da buhun inda ta gan shi, kuma ta gaya wa yaron nan ya zo gobe da safe, da takalminsa na kullum.

Da yamma Gwaggo ta zo jin amsar Manaja. Baba ya ce ya duba takalmi ya gamsu ƙwarai, don haka idan likita yana son aure ya zo da kansa a yi magana. Gwaggo ta tashi tana faɗa, ta ce ita da ta zauna da mai gudun ba ta taɓa ganin laifin takalmi ba, mutumin banza ne kawai ko da ƙafa ba komai yake yawo. Baba ya yi kamar bai ji ba, kunnensa ya daɗe da iya wannan.

Asabar da safe Malamin Tuƙi ya zo, takardar amsar reshe tana aljihunsa bai sa hannu ba. Auta da Umma suna maƙale a tagar tsakar gida, kowace tana ture 'yar'uwarta.

Baba bai kai shi falo ba. A shago ya nuna masa benci, ya miƙa hannu. Saurayin ya miƙo nasa hannun don gaisawa, Baba ya ce ba shi ba, takalmin. Ya tuɓe ya bayar, ya zauna da safa, babban yatsa ya leƙo ta wata huda yana ta ƙoƙarin rufe shi da ɗaya ƙafar.

Baba ya ɓamɓare tsohuwar dunduniyar, ya yanko roba, ya shafa gam, ya buga ƙusa, ya bi gefen da wuƙa har ya yi sumul. Ya ɗaga harshen takalmin ya yi ɗinki uku da jan zare. Yana aikin yana shimfiɗa sharaɗi ba tare da ya ɗago ba. Duk Lahadi da safe, ko ruwa ko rana, za a kawo takalmin nan shagon. Ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Wanda zai yi haka ba shi da halin zama a wani gari. Idan ya yarda, ya turo manyansa.

Auta ta danƙe hannun Umma har Umma ta ce wayyo a hankali. Amma Malamin Tuƙi, da shegiyar gaskiyarsa, sai da ya yi tambaya. Ya ce a gafarce shi, wannan da sabon takalmin da ya ƙi sawa, ba duk rufa-rufa ba ne?

A bayan taga Auta ta rantse idan ya ɓata wannan da hannunta za ta shaƙe shi.

"Sabo ɓoyewa ne," in ji Baba. "Gyara kuwa aiki ne. Kai da kake koya wa mutane tuƙi, mota mai jan gefe ɗaya jefar da ita kake yi?"

Saurayin ya yi murmushi, ya zaro takardar daga aljihu ya ninke ta huɗu ya mayar.

"Zan kawo, Baba, duk Lahadi. Amma ko ban kawo ba, ba inda za ni."

"Haka duk muke cewa," Baba ya ce.

Ya ajiye takalmin saurayin a kan tebur. Ya ɗan yi jim yana kallon ƙofar shagon, wadda ke buɗe wangale, mutane na wucewa suna ɗaga masa hannu. Yau Asabar ce, kwana shida ke nan rabon da ya wasa wuƙaƙensa. Ya sunkuya ya tuɓe nasa takalmin, ya juya tafinsa sama, ya ajiye shi a kan tebur kusa da na saurayin, a inda kowa zai gani.

"Miƙo mini robar can," ya ce. "Ka matso ka ga yadda ake yi. Ba kullum zan kasance ba."

Auta ta juya don ta rungume Umma, ta tarar ba ta wajen. Tana can bakin kicin ta juya baya, tana goge ido da haɓar zani, wai hayaƙi ne, alhali ko wuta ba a kunna ba.